Yadda Ake Binciko Tarihin Hukumar Kula da Dabbobi da Shugabanninta a Karkarar Kano da Jigawa

Tun daga ranar 9 ga Yuli, 2024, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, mutane da dama suke magana kamar a ranar ce gwamnati ta fara sanin akwai saniya a ƙasar nan. Alhali kuwa aikin hukuma a kan dabbobi ya haura shekara ɗari a Arewa, sai dai ya sha sauya suna, ya sha sauya gida, ya kuma bi ta hannun mutane masu yawa waɗanda ba a rubuta sunayensu a wuri guda ba. An tsara wannan jagora ne domin ɗalibin da aka ba aikin bincike, da sakataren ƙungiyar makiyaya ko ta manoma, da magatakardan hakimi, da duk wani mazaunin karkarar Kano ko Jigawa da yake son ya san wace hukuma ce ta shata burtalin garinsu, wa ya sa hannu, a wace shekara, kuma a hannun wa alhakin yake a yau. Amfanin aikin ya wuce na makaranta, domin a ranar da aka tashi rikici a kan makiyaya ko mashaya, wanda ya zo da takarda mai lamba da kwanan wata ya fi wanda ya zo da rantsuwa samun mai saurare.

Fara da jerin sunayen hukumar, kafin sunayen mutane

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tafi ofis ya ce a ba shi sunayen waɗanda suka shugabanci hukumar tun daga farko. Ma'aikacin da ya tarar zai ba shi abin da ke rataye a bango, wanda yawanci yakan fara ne daga ranar da aka raɗa wa ofishin sunansa na yanzu, sai a bar shekaru hamsin ko sittin a baya babu wanda ya ambace su. Saboda haka aikin farko shi ne ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka ware shafukan farko, ka jera sunayen da aikin kula da dabbobi ya ɗauka a yankinku, kowane suna da shekarar da ya fara da wadda ya ƙare da kuma wanda yake biyan albashin ma'aikata a lokacin. Wannan na ƙarshe shi ne mabuɗi, domin inda albashi ya fito, can takardu suke komawa.

Ga ƙashin bayan da za ka ɗora naka binciken a kai. Annobar bushiya da ta ratsa ƙasar Hausa da Borno wajajen 1890 ta kashe shanu ba adadi, kuma tsoron dawowarta ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka kafa sashen likitocin dabbobi a Zariya a farkon mulkinsu, domin kuɗin jangali da cinikin fata da ƙirgi suna cikin manyan hanyoyin shigar gwamnati. A 1924 aka mayar da cibiyar aikin Vom a kan tsaunukan Jos, inda aka riƙa haɗa maganin rigakafi, kuma ita ce Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ake da ita har yau. A 1928 aka buɗe gonar kiwo ta Shika, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A ƙasa kuwa, malaman dabbobi da suke yawo ƙauye-ƙauye da allura ma'aikatan En'e ne, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki, daga baitulmalin sarki ake biyan su, ko da yake Baturen dabbobi ne yake duba aikinsu. Da aka samu gwamnatin Jihar Arewa a Kaduna, sai aka haɗa dabbobi da gandun daji a ma'aikata guda, kuma a zamaninta ne aka yi Dokar Makiyaya ta 1965, wadda ta ba da ikon keɓe fili domin kiwo a kuma buga shi a gazet, wato jaridar dokokin gwamnati. A 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, aikin ya koma hannun gwamnatin Audu Baƙo. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. Sannan ranar 27 ga Agusta, 1991, aka cire Jigawa daga Kano, aka raba ma'aikata da motoci da fayiloli.

Mutumin Jigawa ya kula da wannan rabuwa sosai, domin ita ce take ɓatar da masu bincike. Duk abin da ya faru a Gumel ko Haɗeja ko Kazaure kafin 1991, a takardun Jihar Kano za a same shi, kafin 1967 kuma a takardun Lardin Kano, inda waɗannan masarautu uku suke da En'e tasu kowace. Dutse da Ringim da Birnin Kudu kuwa gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano, don haka wanda yake neman labarin malamin dabbobin Birnin Kudu na 1955 ya je Dutse nema, ya yi tafiyar banza.

Bayan wannan sai ka ƙara hukumomin gefe waɗanda suke taɓa dabbobi ba tare da sunansu ya nuna haka ba. Akwai hukumomin bunƙasa noma da raya karkara, wato KNARDA a Kano da JARDA a Jigawa, masu aikin malaman gona. Akwai Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da aka kafa a 1989 mai hedikwata a Kaduna. Akwai Hukumar Manoma da Makiyaya ta Jihar Jigawa, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Sule Lamido domin sasanta rikici da kare burtali. Akwai kuma shirye-shiryen da ake yi da bashi ko tallafin waje, irin su shirin bunƙasa noma da kiwo na Jihar Kano da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ba kuɗi, da shirin bunƙasa kiwo na Bankin Duniya da ake kira L-PRES. Ba sai ka rubuta tarihinsu duka ba. Ka zaɓi hukuma ɗaya ta zama gindin aikinka, sauran kuma ka san su ne kawai domin kada ka jingina wa wata aikin wata.

Inda takardun suke da yadda ake karanta su

Takardar da ta fi kowace nauyi ita ce gazet, wato jaridar da gwamnati take buga dokokinta da naɗe-naɗenta. A cikinta ake samun dokar da ta kafa hukuma, da sanarwar naɗin kwamishina ko babban sakatare, da ƙarin girma da canjin wurin aiki na manyan ma'aikata, da kuma umarnin keɓe makiyaya tare da bayanin iyakokinta daga wannan alama zuwa waccan. Ana samun tsofaffin gazet na Jihar Arewa a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello wanda shi ma yake Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru. Na jiha kuwa sai a nema a ma'aikatar shari'a, ko majalisar dokoki, ko ofishin mai buga takardun gwamnati. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, akwai kuma Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero, wanda ya fi amfani ga mai neman ɓangaren siyasa, kamar gwagwarmayar da aka yi a kan haraji da jangali.

Idan ka isa Kaduna, ka nemi kundin jerin fayilolin Lardin Kano, wanda ma'aikata suka sani da KANOPROF. Kada ka tsaya ga kalmar dabbobi kaɗai a cikin jerin, domin mafi yawan abin da kake nema yana ɓoye ne a ƙarƙashin wasu kanun: rahoton shekara na lardi, rahoton ƙiyasin haraji na gunduma, jangali, fata da ƙirgi, hanyoyin shanun fatauci, rijiyoyi, gandun daji. Rahoton shekara shi ne ya fi saurin biya, domin Razdan, wato Baturen da ke shugabantar lardi, yakan ware sakin layi ga aikin dabbobi, ya faɗi wanda ya riƙe ofishin a shekarar, da watan da ya tafi hutu Ingila, da wanda ya riƙe masa. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makarantarku ko ƙungiyarku, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka fito da waya, kuma duk takardar da ka ɗauka, ka fara ɗaukar bangon fayil ɗin mai lamba. Hoton shafi wanda ba a san fayil ɗinsa ba, bayan wata uku kai kanka ba za ka iya kare shi ba.

Wajen karanta fayil akwai dabara. Takardun a jere suke daga tsohuwa zuwa sabuwa, amma a gaba ko a gefe akwai shafukan da ma'aikata suke rubuta wa juna gajerun bayanai da hannu, kowa ya sa harufan sunansa da kwanan wata. A nan ne ake ganin wanda ya kawo shawara, da wanda ya danne ta, da wanda ya ce babu kuɗi. Wasiƙar da aka buga da keken rubutu matsayin hukuma take nunawa, gajeren bayanin hannu kuwa halin mutanen da ke cikinta yake nunawa, kuma tarihin shugabanni a nan yake. Sai dai ka yi hattara da alƙaluman shanu da ke cikin rahotannin jangali. Makiyayi ba ya son a ƙidaya masa dukiya, ga kunya ga tsoron haraji, kuma lokacin karɓar jangali garke yakan tsallaka iyakar gunduma ko ta Nijar, saboda haka adadin da aka rubuta na shanun da aka biya wa kuɗi ne, ba na shanun da ke ƙasar ba. Ka kawo shi da sunan abin da aka karɓa, kada ka kira shi ƙidaya.

Jaridu suna cike gurbin da fayil ya bari. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, takan ɗauki sanarwar allurar shanu da rangadin ministoci da wasiƙun masu ƙorafi daga ƙauyuka. New Nigerian ta fara a 1966. Triumph da Albishir kuma sun fi kusa da al'amuran Jihar Kano daga zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya ba da sanarwar soke haraji da jangali a 1979. Ga ofisoshin tarayya na yanzu, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta takarda ka nemi bayani, ta kuma ɗiba wa ofis kwana 7 ya ba da amsa. Ka rubuta abin da kake so filla-filla, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Jerin shugabanni

Yanzu ne za ka buɗe shafin shugabanni, kuma ka raba shi gida biyu tun daga farko, domin kowace hukumar gwamnati kai biyu gare ta. Akwai shugaban siyasa, wato minista ko kwamishina ko shugaban hukumar gudanarwa, wanda yake zuwa da gwamnati ya tafi da ita. Akwai kuma shugaban aiki, wato babban sakatare, ko daraktan lafiyar dabbobi, ko sakataren zartarwa, wanda yakan shekara ashirin ko talatin a cikin ma'aikata kafin ya hau kujerar. Jama'a sunan na farko suka sani, amma sau da yawa tsarin da aka bi daga teburin na biyu ya fito. Misali a bayyane shi ne Dakta Bukar Shaib, likitan dabbobi ɗan Borno, wanda ya riƙe babban sakatare a gwamnatin Arewa da ta tarayya shekaru masu yawa kafin ya zama ministan noma a 1984. Wanda ya ƙidaya shi daga ranar da ya zama minista kaɗai ya zubar da mafi yawan aikinsa. Haka kuma a ma'aikatar tarayya ta yanzu: minista na farko shi ne Idi Mukhtar Maiha, wanda aka rantsar a Nuwamba 2024, amma ba za a fahimci kafuwarta ba sai an koma ga taron da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta Kano ta shirya a Abuja a Fabrairu 2023, da kwamitin gyaran harkar kiwo wanda Farfesa Attahiru Jega ya jagoranci aikinsa.

Ga kowane mutum ka rubuta cikakken suna, da muƙami kamar yadda aka rubuta shi a lokacin, da ranar kama aiki, da ranar barinsa, da ko riƙo ya yi ko tabbatacce ne, da takardar da ka samo wannan bayani. Allon sunaye da ke rataye a ofis abin farawa ne kawai, domin galibi yakan tsallake masu riƙon ƙwarya, wani lokaci kuma mai fenti yakan cike shekarun da ba a tuna ba don kada allo ya yi giɓi. Ƙa'idar da ta dace ita ce kada ka tabbatar da kwanan wata sai shaida biyu da ba su kwafi juna ba sun yi daidai, misali gazet da wasiƙar da mutumin ya sa wa hannu a watan. Ka lura da sunaye kuma, domin mutum ɗaya yakan fito a fayil da sunan garinsu, a jarida da sarautarsa, a bakin tsofaffin ma'aikata kuma da laƙabi, ga shi Turawa sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji. Idan ba ka haɗa su ba, sai ka wayi gari da daraktoci uku a inda mutum ɗaya ne ya zauna.

Bakin mutane

A karkara rabin tarihin nan ba ya cikin fayil, yana wurin tsofaffin malaman dabbobi da suka yi ritaya, da arɗaɗe, da sarakunan fawa, da dillalan kara, da matan da suka shekara suna tallar nono. Hanyar shiga ita ce ta gargajiya: ka fara gaida hakimi, ya haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa ko arɗo. Wanda ya faɗa ruga kai tsaye da littafi da biro, za a karɓe shi da fara'a, a ba shi nono ya sha, ya dawo ba tare da ya ji komai ba, domin mai rubutu a idon makiyayi ɗan'uwan mai karɓar haraji ne. Ka bayyana wanda ya aiko ka da abin da za a yi da maganar, ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya, ka riƙe goro, kuma idan dattijon ya fi sakewa da Fulatanci ka zo da tafinta wanda shi ya yarda da shi. Tambayar da ba a yi ita ce yawan shanunsa. Wurin mata kuwa, mace ce za ta shiga.

Ranakun kasuwa suna sauƙaƙa haɗuwa da mutane: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi. Amma kara ba wurin hira ba ce, hankalin kowa yana kan ciniki, sai dai a gaisa a sa rana. Lokacin da ya fi dacewa da makiyaya shi ne damina zuwa farkon kaka, kafin garke ya yi kudu neman ciyawa.

Dattijo ba ya riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru yake riƙe ta, don haka ka tafi da jerin alamomin da kowa ya sani: kisan Sardauna a 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, canjin kuɗi zuwa naira da babban fari a 1973, kisan Murtala a 1976, rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980, dawowar bushiya a 1983, ƙirƙiro Jigawa a 1991, murar tsuntsaye a 2006. Maimakon ka ce, "A wace shekara aka kafa turakun burtalin nan?" sai ka ce, "Baffa, lokacin da 'yan safiyo suka zo, ana kashe sule da fam ne ko naira ta shigo?" Idan ya ce ai lokacin naira ba ta shigo ba tukuna, ka san abin ya riga 1973, sai ka matsa da wata alamar har ka ƙuntata tazarar. Tsofaffin makiyaya da yawa suna tuna gagarumar allurar bushiya da ake huda wa saniya kunne don alama. Wannan shi ne shirin haɗin gwiwa da aka sani da JP15, wanda aka amince da shi a wani taron shugabannin likitocin dabbobi na Afirka a Kano a 1961, aka fara shi a 1962 a Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Cutar ta lafa, aka saki jiki, ta dawo da ƙarfi a 1983, kuma sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya. Idan dattijo ya ce maka allurar huda kunne, ka tantance wacce yake nufi, ta shekarun 1960 ko ta bayan 1983, domin hukumomi daban ne suka yi su.

Tsohon malamin dabbobi kuwa taska ne, musamman idan ka roƙe shi ya buɗe akwatinsa. A cikin irin wannan adaka ta ƙarfe, ƙarƙashin tsofaffin riguna, ake samun takardar ɗaukar aiki, da ta canjin wuri daga wannan asibitin dabbobi zuwa wancan, da ta ƙarin girma, wani lokaci har da littafin rangadi mai sunayen rugage da adadin allurar da aka yi. Ka dubi saman kowace takarda da ƙasanta: a sama akwai sunan ma'aikata kamar yadda yake a ranar, a ƙasa akwai sa hannun wani a madadin babban sakatare ko darakta. Takardu goma na ma'aikaci ɗaya suna iya nuna maka sau nawa ma'aikatar ta sauya suna da waɗanda suka riƙe ta, abin da ofishin kansa ba zai iya gaya maka ba. Ka ɗauki hoto a gabansa ka mayar masa da kayansa nan take, kada ka ce za ka tafi da su ka dawo, domin da su yake kare fanshonsa. Ka kuma tuna cewa tsohon ma'aikaci yana da waɗanda yake ƙauna da waɗanda suka hana shi ƙarin girma, don haka yabonsa da sukarsa duk a auna su da bakin wani.

Auna aikin shugaba a ƙasa

Jerin sunaye da shekaru kaɗai ba tarihi ba ne. Abin da mai karatu yake son ji shi ne abin da ya sauya ga mai saniya da mai akuya a zamanin kowane shugaba, kuma a nan ne ake rarrabe abubuwa huɗu da ake yawan cuɗawa: abin da aka faɗa a jawabi, abin da aka sa a kasafin kuɗi, abin da aka saki daga baitulmali, da abin da aka gani a ƙasa. Shirin Ruga na gwamnatin tarayya, na kafa wa makiyaya matsugunai, ya cika jaridu a tsakiyar 2019, aka dakatar da shi a watan Yuli na shekarar, sannan a Satumba Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da wani shirin sauya fasalin kiwo na shekara goma a Jihar Adamawa. Mai bincike da ya dogara da kanun labarai zai rubuta manyan ayyuka biyu, wanda ya bi kuɗi da ƙafa kuwa zai rubuta abin da ya tarar. Littafin kasafin kuɗi na jiha da rahoton babban mai binciken kuɗi su ne suke nuna tazarar da ke tsakanin alkawari da sakin kuɗi.

Sannan ka sa takalmi ka taka. Idan gazet ta ce an keɓe makiyaya a gundumarku, ka kwafi bayanin iyakokin, ka nemi wakilin dagaci da na arɗo da wani manomi dattijo ku zaga tare, ku nemi turakun simintin da 'yan safiyo suka kafa, ka rubuta wanda yake tsaye, da wanda ya faɗi, da wanda yanzu yake tsakiyar gonar gero. Ka auna faɗin burtali da taku a wurare uku ko huɗu, ka dubi mashaya ko akwai ruwa, ka dubi famfon iska ko na hasken rana ko yana aiki, ka leƙa asibitin dabbobi ka ga ko akwai firij mai sanyi, domin maganin rigakafi da ya sha zafi ruwa ne kawai ake tsira wa dabba. A nan za ka gane bambanci mai girma tsakanin makiyayar da aka buga a gazet da wadda aka ambata kawai a takardar ofis. Ta farko tana da kariyar doka, ta biyu kuwa kowace gwamnati tana iya yanka ta, kuma mafi yawan makiyayun ƙasar nan irin ta biyu ne. A ganina, shugaban da ya yi wahalar kai makiyaya ɗaya gazet ya fi wanda ya raba buhunan dusa dubu a gaban 'yan jarida, ko da yake na biyun ne ake yi wa waƙa. Wuraren da aka kashe kuɗi a 'yan shekarun nan, kamar matsugunin makiyaya na dajin Dansoshiya a Ƙaramar Hukumar Kiru da cibiyar bayen shanu ta zamani a Kadawa, su ma da wannan ma'auni za a duba su. Wannan zagaye fa na gani da rubutu ne, ba na shari'a ba. Kada ka ce wa kowa gonarsa ta ci burtali, wannan aikin hukuma ne.

Ka yi adalci wajen ɗora alhaki. Daraktan da ya zo a shekarar fari ko lokacin da aka tsuke bakin aljihun gwamnati ba a auna shi da wanda ya zo lokacin kuɗin mai, kuma fili ba a hannun ma'aikatar dabbobi kaɗai yake ba, tunda Dokar 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da filin noma har hekta 500 da na kiwo har hekta 5,000 ba tare da neman amincewar gwamna ba. Sau da yawa wanda ya yanka makiyaya ba shi ne wanda aka ɗora wa kula da ita ba.

Rubutawa da adanawa

Wajen rubutu ka bi zamani-zamani bisa sauyin hukumar, wato zamanin En'e, da na gwamnatin Arewa, da na tsohuwar Jihar Kano, da na bayan 1991, ka sa shugabanni a cikin kowane zamani tare da abin da aka yi da abin da aka bari. Duk maganar da ka kawo, ka nuna ko daga takarda take ko daga baki, da ranar hirar da garin da aka yi ta, kuma wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya. Inda shaidu suka saɓa, ka kawo duka biyun ka faɗi wadda ta fi ƙarfi da dalilinka. Inda ba ka samu sunan wanda ya riƙe kujera ba, ka bar gurbin a fili da shekarunsa domin wani ya cike, kada ka ja wa'adin na gaba ko na baya ya rufe shi. Zargin cin kuɗi ko sayar da fili ba a rubuta shi a kan mutum sai da hukuncin kotu ko rahoton kwamitin bincike na hukuma, kuma idan mutumin yana raye, ka kai masa abin da ka rubuta ka ji ta bakinsa.

Kafin ka buga, ka koma garin ka karanta wa waɗanda ka yi hira da su sassan da suka shafe su da Hausa, domin a irin wannan zama ne ake gyara sunan rafi da aka rubuta ba daidai ba, ko a tuno wani malamin dabbobi da aka manta. Sannan ka yi kwafi aƙalla biyar: ɗaya ga fadar hakimi, ɗaya ga sashen noma na ƙaramar hukuma, ɗaya ga ma'aikatar da ka rubuta tarihinta, ɗaya ga ɗakin karatu na makaranta mai koyar da kiwo kamar Kwalejin Noma ta Audu Baƙo a Dambatta ko Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ɗaya kuma ga shugabannin makiyaya da manoman yankin. Hotunan takardu da muryoyin da ka ɗauka ka juye su a wuri biyu ban da wayarka, kowane da lambar fayil ko sunan gari da kwanan wata a jikinsa.